Yadda sabon shafin labaran unguwa zai yi gogayya da tsohuwar jaridar gari

Wanda ya buɗe shafin labarai na intanet don unguwa ɗaya ko ƙaramin gari ɗaya da wuya ya tarar da filin babu kowa. Galibi akwai jaridar da ta riga shi, mai fitowa sau ɗaya a mako, wadda iyayen masu karatunsa suka taso da ita, 'yan kasuwa suka saba kai mata talla, jami'an hukuma kuma suka haddace lambar editanta. Irin waɗannan jaridu sun raunana a ƙasashe da yawa. A Amurka, rahoton makarantar koyon aikin jarida ta Medill na 2024 ya nuna cewa jaridu fiye da 3,200 sun rufe tun daga 2005, wato sama da kashi ɗaya cikin uku, kuma mafi yawansu na mako-mako ne. Sai dai raunin tsohuwar jarida ba ya ciyar da sabon shafi. Shafukan unguwa da suka mutu su ma suna da yawa, har da waɗanda manyan kamfanoni suka zuba wa kuɗi.

Abin da na yi imani da shi, kuma a kansa aka gina matakan da ke ƙasa, shi ne sabon shafi yana tsayawa da ƙafarsa idan ya ƙi kwaikwayon jaridar, ya zauna a gurbin da tsarin aikinta ya hana ta shiga. Tana da suna, tana da tarihi, tana da masu talla. Kai kana da kwanaki shidan da ba ta fitowa, kana da ƙarancin kashe kuɗi, kuma kana iya zuwa wurin da kanka.

Mataki na farko: karanta jaridar kamar mai shirin sayenta

Kafin ka sayi adireshin intanet, nemi bugun jaridar na wata uku ko fiye, ka zauna da biro da takarda. Ka ƙirga labarai nawa ne a kowane bugu 'yan jaridarta suka rubuta da kansu, nawa ne sanarwar da ofisoshi suka aiko aka buga yadda take, nawa ne kuma aka ɗebo daga wata jaridar kamfanin da ke wani gari. Ka duba sunayen marubuta. Idan suna ɗaya ko biyu ne ke maimaituwa, ka san yawan ma'aikatan da kake gogayya da su. Ka lura da unguwannin da ake ambata da waɗanda ba sa fitowa sai an yi gobara ko sata. Ka rubuta sunan kowane mai talla da girman tallarsa, sannan ka zagaya garin ka rubuta sana'o'in da ba su taɓa fitowa a shafukanta ba. Wannan jeri na biyu zai yi maka amfani sosai nan gaba.

Akwai abu ɗaya da ya kamata ka gano da wuri, wato ranar da take rufe karɓar labari. Jaridar da ke fitowa ranar Alhamis takan kai shafukanta maɗaba'a ranar Talata ko Laraba. Duk abin da ya faru bayan wannan lokacin zai jira mako guda, kuma kafin ya fito ya tsufa. Ka duba ko tana da shafin intanet, da yadda take tafiyar da shi. Da yawa suna riƙe labari har sai takarda ta fita don kada su kashe cinikin bugun, wasu kuma suna kulle shi sai ga wanda ya biya. Ba sakaci ne ya jawo haka ba, kuɗin shigarsu ne ke rataye da takarda. Wannan ƙullin shi ne ƙofarka.

Ka rubuta ƙarfinta ma, ba tare da yaudarar kai ba. Tana da rumbun tsofaffin bugu na shekaru masu yawa. Tsofaffi, waɗanda su ne suka fi fita zaɓen gari da halartar taruka, sun saba da ita. Iyalai suna son ganin sanarwar aure ko rasuwa a takardar da za su yanke su ajiye. Waɗannan ba za ka ƙwace su a shekarar farko ba, kuma ƙoƙarin hakan ɓata ƙarfi ne.

Mataki na biyu: shata iyakarka, ka ƙanƙanta ta

Zaɓi yankin da mutum ɗaya zai iya zagayawa a yini guda, wanda mazaunansa ke kiran kansu da suna ɗaya, kuma yake da hukuma ɗaya ko biyu da ke yanke hukunci a kansa. Ka rubuta iyakar a shafinka, ka tsaya a kanta ko da labari mai daɗi ya faru a garin maƙwabta.

Tarihin wannan sana'a cike yake da waɗanda suka faɗaɗa kafin su kafu. An kafa Patch, kamfanin shafukan labaran unguwa, a 2007, kamfanin AOL ya saye shi a 2009, ya buɗe shafuka kusan 900 a garuruwan Amurka, kowanne da editansa mai albashi. Tallan ƙananan garuruwa bai ɗauki nauyin ba. A 2013 aka sallami ɗaruruwan ma'aikata, a farkon 2014 kuma AOL ya miƙa mafi yawan hannun jarin ga kamfanin Hale Global. Patch yana nan har yanzu, amma da tsari mai sauƙin kuɗi fiye da na farko. Jaridar Guardian ta Ingila ta gwada shafukan gari a Leeds da Cardiff da Edinburgh a 2010, ta rufe su a 2011. Waɗanda suka daɗe galibi na mutum ɗaya ne ko biyu da ke zaune a yankin, suna sayayya a inda masu karatunsu ke yi, kuma kuɗin da suke bukata a wata bai wuce abin da 'yan kasuwar yankin za su iya bayarwa ba.

Mataki na uku: mallaki kwanakin da jaridar ba ta fitowa

Nan ne ainihin gogayyar take, don haka zan daɗe a kai.

Mutanen unguwa suna da tambayoyin da ba sa jiran mako. Me ya sa aka rufe wannan titin? Hayaƙin nan daga ina? Yaushe ruwa ko wuta za su dawo? Za a buɗe makaranta gobe? Me ake ginawa a filin da aka killace? Babbar kafar labarai ta ƙasa tana ganin waɗannan sun yi mata ƙanƙanta, jaridar mako kuma ba za ta amsa su a kan lokaci ba. Shafin da ya saba amsa su cikin awa ɗaya ko biyu yakan zama wurin da hannu ke zuwa da kansa duk lokacin da aka ji jiniya.

Misalin da aka fi sani shi ne West Seattle Blog a birnin Seattle na Amurka. An fara shi a ƙarshen 2005 a matsayin wurin rubuta abubuwan unguwa, a yankin da ke da tsohuwar jaridar mako mai suna West Seattle Herald. A watan Disamba na 2006 wata guguwa ta katse wutar lantarki na kwanaki, shafin ya riƙa sanar da inda wuta ta dawo, da hanyar da bishiya ta tare, da shagon da ke buɗe. Mutane suka riƙa aiko da abin da suka gani. Daga nan ya koma cikakken shafin labarai, har Tracy Record, wadda ta daɗe tana aiki a gidan talabijin, ta bar aikinta ta rungume shi tare da mijinta. Guguwar ba ita ta gina shafin ba. Ta same shi a shirye, yana rubutu tun shekara guda kafin ranar.

A aikace, ga yadda za ka tsara yininka. Da safe ka duba hanyoyin samun bayani da ba sa canzawa: sanarwar 'yan sanda da 'yan kwana-kwana, jadawalin kotu, ajandar majalisar gari, takardun neman izinin gini, sanarwar kamfanin ruwa da na wuta, da saƙonnin da masu karatu suka turo cikin dare. Ka fitar da aƙalla labari ɗaya kafin mutane su fita aiki. Da rana ka fita. Da yamma ka ƙara bayani a kan labaran safe, ka rubuta lokacin da aka yi ƙarin a saman labarin don mai karatu ya san abin da ya sauya.

Sauri yana da sharaɗi, kuma wanda ya karya shi ya miƙa wa tsohuwar jarida makamin da ta fi so, wato ta ce shafin intanet wurin jita-jita ne. Ka raba labarin gaggawa gida biyu a fili: abin da aka tabbatar da wanda ya tabbatar da shi, sannan abin da ake jiran amsarsa. Hoton da aka turo maka, ka kira wanda ya turo, ka tambaye shi inda ya tsaya da lokacin da ya ɗauka, ka nemi izininsa kafin ka sa. Kada ka buga sunan wanda ya rasu a hatsari sai hukuma ko iyalinsa sun sanar. Uwa ba ta cancanci ta ji mutuwar ɗanta daga shafinka ba, kuma garin ba zai manta wanda ya yi mata haka ba. Idan zance yana yawo a zaurukan sada zumunta kuma ka bincika ka ga ƙarya ne, rubuta hakan ma labari ne, sau da yawa ma ya fi kowane labari amfani a ranar.

Wata fa'ida da kake da ita ita ce rashin iyakar shafi. Jarida tana da gurbi ƙayyadadde, dole ta yanke. Kai kana iya sa hoto ashirin daga gasar makaranta, da cikakken sakamakon jarrabawa ko wasa, da takardar kasafin kuɗi gaba ɗayanta don mai son dubawa. Iyaye suna tura wa dangi hoton 'ya'yansu, kuma ta wannan hanyar sunanka ke shiga gidajen da ba su taɓa jin sa ba.

Mataki na huɗu: zauna a tarukan da aka daina zuwa

Jaridar da ta rage ma'aikata takan fara barin tarukan hukuma masu tsawo, ta koma kiran waya washegari ko buga sanarwar da aka aiko mata. Zuwa da kai ya fi aike. Ka halarci zaman majalisar gari, da na kwamitin tsara gine-gine, da na hukumar makarantu, ka zauna har a tashi, domin abin da ya fi muhimmanci yakan zo a ƙarshe bayan zauren ya watse. Ka karanta ajanda kwana biyu kafin zaman, ka rubuta gajeren labari cewa za a tattauna abu kaza ranar kaza, ga yadda mai son magana zai yi rajista. Jaridar mako takan ba da labarin hukunci bayan an yanke shi. Kai kana iya sanar da mutane tun suna da damar sa baki, kuma a ganina babu hidimar da ta fi wannan daraja a duk aikin.

Bayan wata shida na irin wannan zama, magatakarda da masu gadi da 'yan majalisa sun san fuskarka. Daga nan ake fara kiranka a gefe a ce ka duba takarda kaza.

Mataki na biyar: riƙe hanyar isa ga masu karatu a hannunka

Za ka fara samun jama'a ta Facebook da WhatsApp da makamantansu, kuma babu laifi a hakan. Laifin shi ne ka bar su su zama hanya ɗaya tilo. A watan Janairu na 2018 Facebook ya sauya tsarinsa ya fifita saƙonnin dangi da abokai a kan na kafofin labarai, masu karatun shafuka da yawa suka ragu ba tare da sun yi wani kuskure ba. A watan Agusta na 2023 kamfanin Meta ya toshe labarai gaba ɗaya a Facebook da Instagram a ƙasar Kanada saboda wata sabuwar doka, ƙananan shafukan da suka dogara da shi suka wayi gari ba su da hanyar isa ga jama'arsu. Kayan aro ba ya rufe katara.

Tun ranar farko ka sa gurbin da mai karatu zai ba ka adireshin imel ɗinsa ko ya shiga jerin masu karɓar saƙonka ta waya, da yardarsa. Ka riƙa tura taƙaitaccen saƙo a lokaci ɗaya kowace safiya, ko aƙalla sau uku a mako: labarai uku ko huɗu, abin da zai faru yau, da hanyar aiko maka da bayani. Tsohuwar jarida ta rayu ne da sabo, mutum ya san ranar da take zuwa. Saƙon safiya shi ne hanyarka ta gina irin wannan sabon. Shafin labarai na The Mill, wanda Joshi Herrmann ya fara a Manchester ta Ingila a 2020, a birnin da jaridar Manchester Evening News ke fitowa tun 1868, ya ginu ne kacokan a kan wasiƙar imel da masu karatu ke biyan kuɗinta.

Shafin kansa ya zama mai sauƙi. Mafi yawan masu karatu ta waya za su zo, don haka ka rage nauyin hotuna, ka guji tallan da ke rufe fuskar labari. Ka sa sunan titi da na unguwa a kanun labari, domin da su mutane ke nema a Google.

Mataki na shida: kuɗi

Ka fara da sanin abin da ya riga ya tafi. Ƙananan tallace-tallace na neman aiki da haya da sayar da kaya, waɗanda suka daɗe suna ciyar da jaridu, sun koma shafukan kyauta. Binciken Robert Seamans da Feng Zhu ya kiyasta cewa shigowar Craigslist, shafin ƙananan tallace-tallace a intanet, ta ɗauke kimanin dala biliyan 5 daga irin wannan talla a jaridun Amurka tsakanin 2000 da 2007. Ba za su dawo wurin jaridar ba, ba za su zo wurinka ba. Tallan da Google ke jefawa a shafi kai tsaye kuma yana biya ne gwargwadon yawan masu kallo, ƙaramin gari kuwa ba shi da yawan da zai sa wannan kuɗin ya biya albashi.

Abin da ya rage, kuma yake aiki, shi ne tallan da ka sayar da bakinka. Ɗauko jerin sana'o'in da ba sa talla a jaridar. Da yawansu farashinta ne ya fi ƙarfinsu, ko kuma babu wanda ya taɓa zuwa ya tambaye su. Kada ka je musu a makon farko. Ka bari sai ka yi wata uku kana fitar da labari kullum, yadda idan ka ambaci sunan shafin za su ce sun san shi. Ka ba su tsari mai sauƙin fahimta: kuɗi ɗaya a wata, tallarka tana nan a shafi kullum, kana iya canza saƙonta duk lokacin da kake so. Mai ƙaramar sana'a ba ya son lissafin kallo dubu-dubu. Yana son ya buɗe shafin ya ga sunansa, kuma abokin ciniki ya shigo ya ce a can na gan ka. Ka nuna masa adadin masu karatunka na gaskiya, da kason da ke zaune a yankin, domin mutum ɗari biyar da ke iya takowa zuwa ƙofarsa sun fi masa dubu hamsin da ke wata ƙasa. Shafin labarai na The Batavian, wanda aka buɗe a 2008 a garin Batavia na jihar New York duk da cewa garin yana da jaridarsa ta kullum, ya koma hannun Howard Owens a 2009, kuma ya rayu shekara da shekaru da tallan ƙananan 'yan kasuwar yankin.

Kada ka karya farashi don ka janye masu tallan jaridar. Farashin da ka fara da shi yana da wuyar ɗagawa, kuma ɗan kasuwa da yawa zai iya talla a wurare biyu idan ya ga kowanne yana kawo masa mutane daban. Ka yi ƙoƙari kada mai talla ɗaya ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin shigarka. Ranar da labari ya taɓa shi, za ka gane dalili. Duk rubutun da aka biya kuɗi a kansa, ka rubuta a samansa ƙarara cewa talla ne.

Ƙafa ta biyu ita ce masu karatu. Akwai hanya biyu: ka kulle wasu labarai sai ga mai biya, ko ka bar komai a buɗe ka roƙi gudummawar wata-wata. Ga sabon shafi da ke fuskantar jarida mai kulle labaranta, na fi son hanya ta biyu, domin buɗewar ita kanta makami ce. Mutane suna biya idan sun ga abin da za su rasa. Lokacin da attajiri Joe Ricketts ya rufe DNAinfo, shafinsa na labaran unguwanni a Amurka, a watan Nuwamba na 2017, wasu editocinsa na Chicago sun nemi taimakon jama'a ta Kickstarter, shafin tara gudummawa a intanet, suka tara fiye da dala 180,000, suka buɗe Block Club Chicago a 2018. Berkeleyside, wanda aka kafa a 2009 a jihar California, ya tara dala miliyan 1 ta hanyar sayar wa masu karatunsa hannun jari. The Bristol Cable a Ingila, tun 2014, mallakar mambobinsa ne da ke biyan kuɗi kaɗan-kaɗan. Darasin DNAinfo yana da gefe na biyu: shafin da mutum ɗaya ke ɗauke da nauyinsa yana iya rufewa a yini ɗaya idan mutumin ya canza ra'ayi. Tallafin gidauniya ma haka yake, yana da ranar ƙarewa, don haka ka yi amfani da shi wajen sayen kayan aiki ko gwada sabon abu, kada ka ɗora albashin dindindin a kansa.

Akwai kuɗin da wataƙila ba za ka taɓa ba da wuri, wato sanarwar da doka ta wajabta wa hukumomi bugawa, kamar ta izinin gini da gwanjo da rufe hanya. A Ingila da jihohin Amurka da yawa doka ta daɗe tana cewa a jaridar takarda za a buga su, kuma wannan yana cikin abin da ke riƙe da tsofaffin jaridu. Ka karanta dokar wurin da kake kafin ka sa wannan kuɗi a lissafinka. Ko ba a biya ka ba, ka riƙa karanta sanarwar, domin labarai na kwance a cikinsu.

Mataki na bakwai: gina amanar da jaridar ta gada

Ita ta samu amana da tsawon shekaru, kai dole ka same ta da hali a fili. Ka sa cikakken sunanka da hotonka da hanyar samunka a shafin. Ka bayyana wanda ya mallake shi da inda kuɗinsa ke fitowa. Idan an yi kuskure a labari, a gyara shi a wurin, a rubuta abin da aka gyara da ranar, kada a goge a yi shiru. Duk wanda za a zarga da wani abu, a neme shi kafin bugawa, a ba shi lokacin amsawa, a ajiye shaidar cewa an neme shi. Ka san dokar ɓata suna ta ƙasarka, ka san lauyan da za ka kira, domin ƙara ɗaya tana iya cinye kuɗin shekara.

Wahalar da ta keɓanta da aikin unguwa ita ce kusanci. Wanda ka rubuta labarinsa yau, gobe za ku haɗu a layi ɗaya. Wata rana labarin zai shafi abokinka ko mai tallarka ko ɗan'uwan matarka. Ka rubuta ƙa'idarka tun kafin ranar ta zo: idan kana da alaƙa da wanda ke cikin labari, ka faɗa a ƙasan labarin, ko ka ba wani ya rubuta. Kada ka karɓi muƙami a kwamitin da kake ba da rahotonsa, kada kuma ka bari a san ka da ɓangare ɗaya a siyasar gari. A ƙaramin wuri, da zarar an ce shafin na su wane ne, rabin garin ya daina karantawa.

Mataki na takwas: yadda za ka zauna da jaridar kanta

Kada ka zage ta a shafinka. Masu karatunka da yawa suna ƙaunarta, wasu ma sun taɓa fitowa a cikinta suna yara. Idan ta riga ka samun labari, ka ambaci sunanta ka tura mutane wurinta, sannan ka ƙara abin da ka gano. Kada ka kwafi rubutunta ko hotonta. Idan ita ta ɗauki naka ba ta ambace ka ba, ka kira editan cikin mutunci kafin ka kai maganar bainar jama'a.

Ka sa ran martani. Tana iya fara sa labarai a intanet da sauri, ko ta rage wa masu talla farashi, ko ta haɗa musu takarda da intanet a kuɗi ɗaya. Idan ta ƙara sauri, garin ne ya ci riba, kai kuma ka matsa zuwa abin da ba ta da ma'aikatan yi, wato bin labari ɗaya wata da watanni har a ga ƙarshensa. Wani lokaci haɗin kai ya fi: ku shirya muhawarar 'yan takara tare, ko ta buga rahotonka a takarda da sunanka, ka isa ga tsofaffin da ba sa shiga intanet.

Mataki na tara: lissafi da juriya

Duk ƙarshen wata ka duba abu huɗu: mutum nawa ne ke dawowa sau da yawa a mako, nawa ne ke buɗe saƙon safiya, masu talla nawa ne suka sabunta, da kuma wata nawa kuɗin da ke hannu zai kai ka. Labarin da ya bazu duniya ya kawo baƙi dubu ɗari a yini guda yana da daɗi, amma ba ya cikin waɗannan huɗun.

Abin da ya fi kashe irin waɗannan shafuka shi ne gajiyar mai su. Mutum ɗaya yana rubutu, yana ɗaukar hoto, yana sayar da talla, yana bin bashi, babu ranar hutu. Kuɗin farko da ya wuce bukatarka, ka ɗauki mai sayar da talla da shi, ko da a kan kaso ne, domin hakan yana raba aljihu da alƙalami, yana kuma ba ka lokacin aikin da ka fi iyawa. Bayansa ka nemi wanda zai riƙe shafin kwana ɗaya a mako, ka rubuta masa jerin lambobi da ƙa'idojin bugawa yadda zai iya aiki ba tare da ya kira ka ba.

Ka shirya ma ranar da jaridar za ta iya rufewa. A watan Janairu na 2016 Guelph Mercury ta Kanada, wadda ta faro tun ƙarni na 19, ta daina fitowa, cikin 'yan makonni kuma kamfanin Village Media ya buɗe GuelphToday a garin. Idan haka ta faru a yankinka, ayyukan da ka bar mata za su faɗo kanka a lokaci ɗaya: sanarwar rasuwa, wasannin makarantu, rahoton kotu, wasiƙun masu karatu. Ka tuntuɓi 'yan jaridarta da suka rasa aiki tun a makon farko, domin suna ɗauke da majiyoyi da tarihin garin da kai ba ka da su. Ka tambayi inda za a kai rumbun tsofaffin bugunta, ka taimaka a miƙa shi ga ɗakin karatu na gari kafin a kwashe ofishin. Sannan ka koma ga masu tallanta da sabon jadawalin farashi, da tsarin yadda za ka isa ga masu karatun da takarda kawai suka sani, ko da taƙaitaccen bugu ne na wata-wata da za a ajiye a wuraren da jama'a ke taruwa.